Kada a rufe wa Afirka ƙofar wasannin ƙanƙara

Idan gasar Olamfik ta lokacin hunturu ta zagayo bayan shekara huɗu, yawancin masu bin wasanni a wajenmu sukan kau da kai, su ce ina ruwanmu da dusar ƙanƙara. Ba na ganin laifinsu. Tun da aka fara gasar a garin Chamonix na Faransa a 1924, babu ƙasar Afirka da ta taɓa cin lambar yabo ko ta tagulla, alhali Norway, mai mutane kimanin miliyan 5.5, ta kwashe zinare 16 a Beijing a 2022. Amma ni ina bin gasar, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ƙara matse 'yar ƙofar da 'yan Afirka ke samu su shiga.

A tuna da PyeongChang ta Koriya ta Kudu a 2018. Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, 'yan Najeriya da suka tashi a Amurka, su ne tawagar Afirka ta farko da ta shiga tseren keken zamiya na bobsled. Dukansu tsofaffin 'yan tsere ne, kuma da keken katako da Adigun ta harhaɗa a birnin Houston suka fara atisaye. A gasar kuma Simidele Adeagbo ta Najeriya da Akwasi Frimpong na Ghana suka shiga tseren skeleton. Wanda bai taɓa kallonsa ba ya daure ya kalla. Mutum zai ruga da gudu yana tura wani ɗan faranti, ya faɗa kansa rub-da-ciki, kai a gaba, haɓarsa dab da ƙanƙara, yana gudun da ya haura kilomita 120 a awa guda. Babu burki, babu sitiyari, da kafaɗa da gwiwa yake karkata akalarsa a kowace kwana.

A ƙarshen jadawali 'yan Afirkan nan suka ƙare, wannan gaskiya ne. Amma sun isa wurin ne saboda a lokacin akwai gurbin da ake ware wa nahiyar da ba ta da wakilci. Kafin gasar Beijing aka soke wannan gurbi, sai aka wayi gari a gasar babu ɗan Afirka ko ɗaya a bobsled ko skeleton. Najeriya ta samu wakili guda ne kacal, Samuel Ikpefan, a tseren dogon zango na kan dusar ƙanƙara, inda har yanzu ake bai wa ƙasashe gurbi idan ɗan wasansu ya cika mafi ƙarancin sharaɗi.

Masu goyon bayan sokewar na cewa Olamfik wurin gwanaye ne, kuma wasan na da haɗari ga wanda bai ƙware ba. Maganar haɗari abin saurare ce, shi ya sa babu mai cewa a tura ɗan koyo. A gindaya sharaɗin ƙwarewa, wanda ya cika ya wuce. Inda na raba gari da su shi ne batun makin da ɗan wasa ke tarawa don samun gurbi. Babu hanyar zamiya ta bobsled ko ɗaya a duk faɗin Afirka, kuma wasannin da ake tara maki a Turai da Arewacin Amurka da Gabashin Asiya ake yin su. Bajamushe da mota zai isa filin atisaye. Ɗan Ghana kuwa sai ya nemi biza, ya sayi tikitin jirgi, ya biya masauki na watanni, sau da yawa daga aljihunsa ko da tallafin jama'a. Wane irin adalci ne a auna su da mudu ɗaya?

Su kansu manyan zakarun sun san darajar irin waɗannan 'yan wasa. A Nagano ta Japan a 1998, Philip Boit na Kenya ya zo na ƙarshe a tseren kilomita 10 na kan dusar ƙanƙara, amma Bjørn Dæhlie na Norway, wanda ya ci zinaren, ya tsaya a bakin layi har ya iso, ya rungume shi.

Kwamitin Olamfik na Duniya ba baƙon wannan tsari ba ne. A gasar bazara yana ware gurabe a tsere da ninƙaya ga ƙasashen da 'yan wasansu ba su kai ga cancanta ba. Abin da nake nema shi ne ya yi haka a dukkan wasannin hunturu, ya kuma rubuta shi cikin ƙa'ida ta dindindin, don ɗan wasan da ke shirin shekara huɗu ya san gurbin na nan kafin ya fara kashe kuɗinsa.