Salatif da bakin fensir

Ranar Laraba wani Bature abokin aikina a nan Ingila ya ja ni ɗakin gwajinsu. Ba ka shiga sai an lulluɓe ka da farar riga har ka, kamar likkafani, takalmi ma da nasa mayafin. Fitilun ɗakin rawaya ne, ƙura ko ƙwaya ɗaya ba a yarda da ita. Ya sa hantsaki ya ɗago wani ɗan abu da bai kai farce ba, wai idon na'ura ne. Da girafin aka yi shi, wato sinadarin bakin fensir da aka sirantar har kaurinsa ya koma ƙwayar zarra ɗaya. Idon silikon na kyamarar waya yana makancewa da zarar tsawon zangon haske ya wuce wajen nanomita 1,100, wato can gaba da jan hasken da idon mutum ke gani. Wannan kuwa, in an yayyafa masa ɗigogi masu tsotsar haske, yana gani tun daga hasken da ke ƙona fata har wanda ya zarce ja, ba ya neman sanyaya, wuta kaɗan yake ci.

Sai ya ce, "Ku da ba ku da lantarki zai fi amfana."

Na yi dariyar yaƙe. Gaskiya ya faɗa. Hasken nan da ya zarce ja yana ratsa hazo, kuma duk wanda ya bi hanyar Alkaleri zuwa Gombe da hunturu ya san amfaninsa. Kalmar "amfana" ce ta tsaya min a wuya, kullum mu ne masu miƙa hannu. Alhali a 2004, a Manchester, da salatif masana kimiyya biyu, Geim da Novoselov, suka ɓare girafin, har suka ci kyautar Nobel a 2010. Salatif fa, jama'a!

Na yarda, Turawa suna da kuɗi da haƙurin shekara goma kan abu ɗaya. Amma ƙwaƙwalwa? A je kasuwar Wunti a Bauchi a ga yaran da ke gyaran waya. Ƙanena yana ɗan shekara 14 ya kwance matacciyar fitilar sola, ya haɗa wa zauren Baba ƙwan da ke kama kansa da magariba. Yanzu Keke Napep yake ja.

Daren na kira shi in ba shi labari. Bai bari na kai ƙarshe ba, ya ce, "Yaya, bana ma ba za ka zo Sallah ba?"