Wa ya duba lafiyar masu duba mu a lokacin korona?

A watan Afrilun 2020, lokacin da jana'iza ta yi yawa a Kano, kullum hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, na fitar da adadin waɗanda suka kamu da korona da waɗanda suka rasu. Ba mu ji an ƙirga malaman jinyar da barci ya ƙaurace wa idanunsu ba, ko likitan da ke tuɓe rigar aiki a zaure, ya hana 'ya'yansa rungumarsa, ya kwana shi kaɗai don kada ya kai wa mahaifiyarsa mai ciwon suga cutar.

A China an ƙirga. Wani bincike kan ma'aikatan lafiya 1,257 a asibitoci 34 ya gano rabinsu na da alamun ciwon damuwa. A Amurka, Dakta Lorna Breen, shugabar wani sashen agajin gaggawa a New York, ta kashe kanta a wannan Afrilun, bayan ta ji tsoron cewa neman magani zai ɓata mata aiki. A 2022 Amurka ta yi doka da sunanta.

Mu a nan, lokacin da korona ta shigo, alawus ɗin haɗari naira 5,000 ne a wata. Da likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki a Yunin 2020, maganar kayan kariya da kuɗi aka yi, kuma suna da gaskiya. Halin da zuciyarsu ke ciki kuwa, ko su kansu ba su iya faɗa ba. Nas ɗin da ta ce tashi daga gado na yi mata wuya, abinci ya fita daga ranta, "ki yi haƙuri, ki ƙara addu'a" za ta ji. Addu'a wajibi ce, amma mai hawan jini ma yana addu'a yana shan maganinsa. Likita kuma gara ya haɗiye abin da ke cinsa da a gan shi a layin asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, gobe a ce ya taɓu.

Tun Janairun 2023 Najeriya na da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A ganina, ya kamata kowane babban asibiti ya ware inda ma'aikacinsa zai ga likita a asirce, ba tare da fayil ɗinsa ya bi ta hannun abokan aikinsa ba, a kuma daina haɗa wa mutum kwana da wuni a ɗakin killace marasa lafiya. Zazzaɓin Lassa na dawowa duk rani yana kashe ma'aikatan lafiya, mashaƙo ya cika asibitocin Kano a 2023, kuma mutanen nan ne dai suka tare shi.