Wasiƙar da na so in aika ta Punjab Mail

Waɗanda suka san Kawu sun san ba ya ƙaunar dogon bayani, ni kuma an san ba na iya kame bakina idan na karanta sabon abu. Da likitocin Mumbai suka sallame shi, da sauran kwana biyar kafin mu koma gida, sai ya ce yana so ya ga Taj Mahal, ni kuwa na dage cewa ba za mu bi ta sama ba, jirgin ƙasan Punjab Mail za mu shiga tunda hanyarsa ta ratsa Agra, garin da Taj Mahal yake.

Tun muna tasha da magariba na buɗe masa karatu. Na gaya masa cewa ana lissafa farkon wannan jirgin ƙasa daga ranar 1 ga Yuni, 1912, lokacin da yake tashi daga bakin teku, a Ballard Pier da ke Mumbai, inda jiragen ruwa daga Ingila suke sauke buhunan wasiƙu da ma'aikatan mulkin mallaka, sai a kwashe su kai tsaye zuwa Peshawar, tafiyar kusan kilomita 2,500 cikin kimanin awa 47. Tarago shida yake ja a wancan zamanin, uku na fasinja, uku na wasiƙu da kayan gidan waya, kuma sai a shekarun 1930 aka ƙara masa taragon talakawa. Kawu ya saurara yana jan carbi, sannan ya ce, "Kai yaro, jirgi ya iso Kano a 1911, ashe namu ya girmi naka." Wani dattijo mai rawani da ke kujerar da ke fuskantarmu ya gyara mini wuri guda cikin ladabi, ya ce tun da aka raba ƙasar Indiya a 1947 Peshawar ta faɗa cikin Pakistan, jirgin yanzu a Firozpur yake kwana, dab da kan iyaka. Na san haka sarai, ban dai kai wurin ba ne, amma Kawu ya dube ni kamar an kama ni da kuɗin jabu.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne na rubuta wa uwargida wasiƙa mai shafi uku, na saka a ambulan, na manna kan sarki, da niyyar in miƙa ta da hannuna a taragon wasiƙu, don in riƙa ba da labari cewa saƙona ya bi jirgin da ya haura shekara ɗari yana aiki. Washegari da hantsi muka tsaya a Bhopal, sai na sauka da singileti da wandon barci da silifas, ba waya, ba tikiti, ba ko rupi ɗaya, na miƙe zuwa ƙarshen jirgi. Jirgin yana da tsawo fiye da yadda ake zato daga ciki. Na wuce masu shayi, na wuce masu ayaba, har na isa wani tarago mai faffaɗar ƙofa da ake loda ƙunshi, na miƙa wa mutumin da ke ciki ambulan da hannu biyu. Ya juya ta, ya dubi bayanta, ya dube ni, ya nuna mini babur ɗin da aka naɗe da buhu a bayansa. Taragon kaya ne. Ina cikin yi masa bayanin shekarar 1912 da Turanci sai na lura dandamalin yana nan inda yake, ƙofar ce take matsawa.

Na yi gudun da rabona da irinsa tun ina firamare. Silifas na dama ya fita a taku na uku, na waiwaya na dube shi kamar zai biyo ni, wannan waiwayen kuwa ya ci mini taku biyar. Hannuna ɗaya yana sama da ambulan, har yau ban san dalilin da ya sa na ɗaga ta ba, sai ka ce jirgin zai gane haƙƙinsa ya tsaya. Masu shayi suka bar tukwanensu suna ihu, wasu yara suka bi ni a guje suna tafi, wata tsohuwa da ke zaune kan akwati ta janye ƙafarta don in wuce, ta kuma bi ni da kallon tausayi wanda ya fi dariyar ciwo. Ƙofar da na cimma ta taragon gama-gari ce, wanda ba a keɓe wa kowa kujera, mutane har bakin matakala. Na kama ƙarfe, ƙafata ɗaya tana lilo, sai wani hannu ya damƙi ƙugun wandona ya fizgo ni ciki. Na ji ƙarar tsinkewar tazuge kafin na ji ƙafata ta taka ƙasa. Haka na shiga jirgi mai tarihi, hannun hagu riƙe da wando, hannun dama riƙe da wasiƙa, ina cewa "shukriya, shukriya", kalmar da finafinan Indiya suka bar mini tun ƙuruciya.

Mai hannun nan shi ne wanda har yanzu ban yafe wa ba, ko da yake ya cece ni. Wani siriri ne mai gashin baki, yana zaune a kan buhu kusa da ƙofar banɗaki yana ɓare gyaɗa. Wannan tarago ba shi da hanyar wucewa zuwa namu, kuma duk tashar da aka tsaya masu shiga sukan danne masu fita, saboda haka na kasance baƙonsa wajen awa huɗu. Duk wanda ya shigo sabo, sai mutumin ya miƙe ya maimaita masa gudun nawa: ya ɗaga hannu sama, ya ɗingisa, ya waiwaya neman takalmi, sannan ya dafe wando da sauri. A Vidisha ya yi, a Bina ya yi, kuma kowane karo yana ƙara gishiri, har ya soma haɗawa da faɗuwar da ban yi ba. Da zafi ya tsananta ya karɓi ambulan ɗin daga hannuna ya yi fifita da ita, daga baya ya shimfiɗa ta a cinya yana tara ɓawon gyaɗa. Ya ba mutum bakwai gyaɗa a gabana, na ƙirga, amma ni ko ƙwaya ɗaya bai miƙo mini ba. Ban ce ina jin yunwar gyaɗarsa ba, amma mutumin da ka mayar abin kallo ai ya cancanci ladan aikinsa.

Sai a Jhansi na samu na fita, na taka dandamali mai zafi da ƙafa ɗaya ba takalmi har na gano taragonmu. Na tarar Kawu da dattijo mai rawani sun zama aminai, sun cinye abincin rana har da nawa. Kawu ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, ya ce, "Na zaci ka wuce Peshawar ne." Bai tambayi takalmin ba.

Mun sauka Agra da yammacin Alhamis, washegari muka tarar ba a buɗe Taj Mahal ga masu yawon buɗe ido ranar Juma'a, abin da ban karanta ba. Wasiƙar kuwa a aljihun jakata ta iso Kano, uwargida ta tsince ta tana kwashe kayan wanki, ta tambaye ni me ya sa take warin gyaɗa.