Injin dizal na jirgin ruwa da ya ƙi tashi da sanyi

Masu jirgi mai tafiya da iska kan ɗauka in injin dizal ya ƙi tashi da sanyi, sai a yi ta murza sitata har ya kama. A jirgi wannan ɓarna ce. Famfon da ke jawo ruwan teku don sanyaya injin yana ta cika salansa da ruwa yayin murzawa, babu hayaƙin da zai turo ruwan waje, sai ruwan ya koma cikin silinda ya lanƙwasa kwanrod, wato ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf.

Zafin matsewar iska ke kunna dizal, don haka saurin juyawa yake buƙata. Auna batir: in mai volt 12 ya sauka ƙasa da volt 9.6 lokacin murzawa, ya gaji, ko kawunansa sun yi tsatsa. In injin yana da hita, wato abin da ke ɗumama iskar da injin ke matsewa kafin tayarwa, kunna ta daƙiƙa 10 zuwa 15 tukuna. In dole ka maimaita murza sitata, rufe bawul ɗin ruwan teku, ka buɗe da zarar ya tashi.