Rola ɗaya, aiki goma

Shekarata ta farko a Ingila wata tsohuwa maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa min ƙofa tace wai ko ina da "roller" in ara mata. Ni kuwa lokacin ina bin wani mai fenti ina ɗan samun na kashewa, sai na shige ciki da rawar jiki na ɗauko mata rolar fenti, ga ragowar farin fenti nan ya bushe ƙamas a jikin soson. Baiwar Allah ta dubi abun ta dube ni, sannan ta nuna min baƙar kwat ɗinta da gashin kyanwa ya lulluɓe. Ashe wancan ɗan abun mai danƙo take nufi, wanda ake murzawa a jikin tufa ya kwashe gashi da zare. Kunya kaman in nutse.

Daga ranar na fara kasa kunne, na gane su mutanen nan duk abun da yake mulmulalle mai tsawo kuma yana juyawa to sunansa kenan, babu ruwansu da aikin da yake yi. Na naɗe gashin mata rola, soson da ake kwanciya akai a wurin motsa jiki a murza cinya da gadon baya rola, ƙaton ƙarfen da ake ja a filin kurket a daddanne ƙasa rola, ƙarafunan da kwali ke gangarawa a kansu a sito su ma rola. Kai har manyan igiyoyin ruwan teku haka suke ce musu, kuma in kaji ɗan Landan yace wane ya sayi rola to ba fenti zai yi ba, motar Rolls-Royce yake nufi. Asalin kalmar ma daga Latin ta biyo ta Faransanci, daga rota wato wili, kunga tun farko juyawar suka kalla.

Mu kuma da muka ari kalmar sai muka ɗaure ta a wuri biyu zuwa uku, ta fenti, ta gashi, sai motar nan mai danne kwalta. Ita ta titin ma akwai abun dariya, kamfanin Aveling & Porter na garin Rochester ya fara ƙera masu aiki da tururi tun shekarun 1860, yau galibinsu dizal suke sha amma har yanzu Turawa da yawa rolar tururi suke ce mata, bakin ya riga ya saba. Ta fentin kuwa yarinya ce, wajen 1940 ta fito, ana danganta ta da wani Norman Breakey a Toronto.

Da farko na ɗauka mu ne muka gaza, ace kalma ɗaya tasu sai mun yi dogon bayani. Yanzu kam na canza ra'ayi wallahi, saboda Hausa aikin take kallo ba siffar abun ba, murzawa daban naɗewa daban, haka mulmulawa da mirginawa da garawa da dannewa, kowanne in na faɗa ka san me hannu yake yi. Da da Hausa tsohuwar nan ta min magana cewa zata yi ara min abun cire gashi a riga, shikenan ba sai na kinkimo kayan fenti ba.

Shi yasa ban goyon bayan masu cewa dole a ƙirƙiro wa rola sunan Hausa ɗaya irin su mabuɗi da matsefi ba, naga wani ya rubuta "mamirgini" sai da na karanta sau uku kafin na gane. Ba mai fentin da zai ce wa yaronsa miƙo min mamirgini, rola zai ce, rololi in suna da yawa, ta riga ta zama tamu. Abun da bana so kawai shine mu kwaso ta mu liƙa wa komai yanda suka yi.

Tsohuwar dai daga baya ta sayo guda biyu ta bani ɗaya, ni da ko kyanwa bani da ita.