Yaron da ya zo koyon kokowa ba abin gwada ƙarfi ba ne

Na ga faifan bidiyon nan da aka ɗauka a wani kulob ɗin koyar da yara kokowa kamar yadda yawancinku kuka gan shi, kuma har yanzu ina riƙe da sunayen mutanen da suka turo mini shi ta WhatsApp haɗe da alamar dariya, kafin su san cewa yaron da aka ɗaga sama aka maka da ƙasa ɗan ƙanwata ne. Ba zan faɗi sunan kulob ɗin ba, ba zan faɗi unguwar ba, domin mutanen Tawa sun riga sun sani, wanda kuma ba ɗan garin ba ne babu abin da sunan zai ƙara masa. Abin da zan faɗa shi ne hukuncina, kuma ba ni da niyyar sassauta shi: abin da aka yi ranar Asabar zalunci ne, kuma alhakinsa yana wuyan babban da ya haɗa yaran biyu.

Yaro ɗan shekara 10, wanda ranar ce zuwansa na uku filin, wanda ko tsayuwar kokowa bai iya ba, aka kira shi tsakiyar da'ira aka haɗa shi da ɗan shekara 14 da ya shafe shekara huɗu yana horo, kawai don wasu baƙi sun zo kallo ana so a nuna musu gwanin gida. Ban ga laifin babban yaron ba. An ce masa ya kama, ya kama, ya yi abin da aka koya masa, kuma duk wanda ya kalli faifan da idon basira zai ga yadda jikinsa ya yi sanyi da ya ga ƙaramin bai tashi da wuri ba. Yaron namu ya miƙa hannu don ya tare ƙasa, kamar yadda kowane ɗan Adam zai yi idan ba a taɓa koya masa faɗuwa ba, wuyan hannun ya amsa. Yanzu yana ɗaure, kuma hannun da yake rubutu da shi ne a lakkol.

Mai horarwar da ya karɓi sabon shiga ya karɓi amana. Allon da ke ƙofar wurin ya ce ana karɓar masu fara koyo da waɗanda suka riga suka iya, a kan wannan alƙawari ne ƙanwata take cire jika biyu kowane wata daga cinikinta tana biya. Idan ka rubuta cewa kana karɓar mai fara koyo, to ka ɗauki nauyin koya masa daga tushe, wato yadda zai tsaya ya buɗe ƙafafu ya sunkuyar da ƙugu, yadda zai riƙe abokin karawa ba tare da ya ba da wuyansa ba, sannan kafin komai yadda zai faɗi. Faɗuwa ita ce darasin farko. Yaro sai ya faɗi sau ɗari a kan yashi mai taushi, shi kaɗai, haɓa a maƙale da ƙirji, yana mirginawa ta kafaɗa, hannu ba ya tokare ƙasa, kafin a yarda wani ya taɓa shi da niyyar kaye. Wanda ya tsallake wannan mataki ya jefa yaro gaban ƙwararre bai horar da kowa ba, ya ara wa gwaninsa jikin ɗan mutane ne ya gwada ƙarfi a kai.

Tun jiya nake karanta masu cewa ai haka muka koya, da wuya ake zama namiji. Ban yarda ba, kuma ina ƙalubalantar duk wanda ya tashi a ƙauye ya tuna da gaskiya. Ni a ƙasar Adar na tashi, na san kokowar kaka, lokacin da an gama yankan hatsi, rumbuna sun cika, samarin wannan gari su tafi wancan gari da makaɗansu. Na san kuma ta dandali da farin wata, wadda mu yara muke yi. A duka biyun tsara ake haɗawa da tsara. Idan saurayi ya fito ya nuna yaron da bai kai shi ba, dattawan wurin ne suke fara tsawata masa, ƴan mata su yi masa ihu, kayen ma ba a ƙirga masa shi. Abin kunya ne babba ya kada ƙarami, babu makaɗin da zai ɓata bakinsa ya yi masa kirari a kai. Saboda haka kada kowa ya jingina abin da ya faru ranar Asabar da gargajiya. Gargajiyar tana da dokarta, ko da ba a rubuce take ba, kuma dokar ce aka karya.

Wasu kuma sun kawo hujjar Takobi, wato gasar kokowa ta ƙasar Nijar wadda ake ba wanda ya ci takobi, wai ai a can ba a raba nauyi, ƙarami yana iya gamuwa da ƙato. Gaskiya ne ba a rabawa. Amma su wa suke shiga Takobi? Kowace jaha daga cikin jahohi takwas tana tace ƴan kokowarta ta aiko da goma, su 80 ke nan a ƙasa baki ɗaya, dukkansu manya ne da ƙashinsu ya ƙosa, kowanensu ya sha faɗuwa ya san yadda ake karɓarta. Ɗaukar ƙa'idar waɗannan a ɗora wa ɗan shekara 10 rashin tunani ne. Kuma ko a kokowar manya, idan aka fita gasar ƙasashen yammacin Afirka, ƴan kokowarmu ɗin nan da muke alfahari da su ana ɗora su a kan ma'auni, kowa ya kara da wanda suke ajin nauyi ɗaya. Idan an ga dacewar auna ƙarti, me zai hana a auna yara?

Akwai abin da ya kamata kowane mai horar da yara ya sani game da jikin da yake aiki da shi. Ƙashin yaro bai gama haɗuwa ba. A kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwa, irin na wuyan hannu da gwiwar hannu da idon sawu, akwai wani yanki na guringuntsi inda ƙashin yake ƙara tsawo, kuma ba ya rufewa sai yaro ya ƙosa. Wannan wurin ya fi sauran rauni, idan kuma ya karye aka ɗaure shi ba daidai ba, hannu yana iya girma a karkace ko ya gaza ɗan uwansa tsawo. Shi ya sa na dage a kai yaron namu likita a ɗauki hoton ƙashin, duk da cewa an yi ta ba mu shawarar mai ɗori, kuma ba raina masu ɗori nake yi ba, amma ido ba ya ganin abin da hoto yake nunawa. Haka nan yaron da kansa ya bugi ƙasa ya tashi yana jiri, ko yana amai, ko yana kallon mutane kamar bai san su ba, ba a zuba masa ruwa a ce ya koma fili. Ranar ya gama, sai an duba shi. A faifan nan, abin da ya fi ƙona mini rai ba ƙarar faɗuwar ba ce, muryar da ake ji tana cewa ya tashi ya daina ragwanci ce.

An ce mini in ji tausayin mai horarwar, wai aikin sa kai yake yi, abin da iyaye suke biya bai kai ya kawo ba. Na sani, kuma na yaba masa da ya tara yaran unguwa ya raba su da yawon banza. Sai dai raba yara gida biyu ba ya cin ko dala. Zare layi a kan yashi ka ce sababbi nan, tsofaffi can, ba ya buƙatar taimakon wata hukuma. Tambayar shekarun yaro da duba girman jikinsa kafin a haɗa shi da wani ba ya buƙatar kayan aiki. Rashin kuɗi yana iya hana ka samun rumfa ko katifa, amma ba shi ne ya sa aka kira ɗan kwana uku tsakiyar fili a gaban baƙi ba. Son a yaba ne ya sa.

Ga masu cewa idan aka tsaya lallashin sababbi, ƙwararrun yara za su ɓata lokacinsu, ina ganin sun juya maganar ne. Yaron da ya iya ba ya ƙaruwa da komai idan ya kada wanda bai iya ba, sai dai ya koyi girman kai da sakaci, ranar da kuma ya haɗu da daidai shi ya sha mamaki. Inda zai ƙaru shi ne a ce masa: ga ƙanenka nan, riƙe shi, nuna masa taɗiya a hankali, ka sauke shi ƙasa kamar kana sauke tulu. Wanda ya koyi sauke mutum ba tare da ya ji masa ciwo ba ya fi sanin kokowa fiye da wanda ya iya makawa kawai, domin yana nufin ya mallaki ƙarfinsa. Haɗa masu fara koyo da ƙwararru a kulob ɗaya abu ne mai kyau, ni ma shi ya ja hankalina na ba ƙanwata shawarar ta kai shi, amma amfaninsa yana ga babba ya zama malamin ƙarami.

Mu mutanen Tawa ya kamata wannan abu ya fi damunmu fiye da kowa. A garin nan aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, zamanin Seyni Kountché, wadda Kantu na Maraɗi ya ci. Babban filin kokowar garinmu yana ɗauke da sunan Hamidine Maïdaré. Duk shekara idan Takobi ya zo, kasuwa takan yi shiru, kowa yana gaban talabijin ko rediyo a kunne, idan ɗanmu ya faɗi sai gari ya kwana da baƙin ciki ana tambaya ina magada. To magadan su ne waɗannan ƙananan da suke zuwa da silifas da gajeren wando suna rawar jiki. Babu wanda ya san a cikinsu wa zai ɗauko mana Takobi nan da shekara 15. Sau da yawa ba yaron da ya fi girman jiki yana ɗan shekara 12 ne yake zama gwani ba, wanda ya daɗe a fili ne, kuma ba ya daɗewa sai idan farkon zuwansa bai zame masa abin tsoro ba. Kowane sabon shiga da aka wulaƙanta ya gudu, asara ce ga jaha, kuma ba shi kaɗai yake gudu ba, uwayen unguwa duk sun ga faifan, kowace ta riƙe ɗanta.

Issaka Issaka na Doso ya ɗauki Takobi sau shida, amma a ƙarshen 2024, a filin garinsu, Abba Ibrahim na Yamai ya kada shi, kuma Issaka ya tashi da ƙafafunsa. Wannan ne nake so yaranmu su gani. Faɗuwa tana cikin kokowa, babu wanda ya fi ƙarfinta, shi ya sa ake koyar da ita tun ranar farko, a kuma koyar da cewa ba a yi wa wanda ya faɗi dariya. Manyan da suka tsaya suna ɗaukar faifan suna ƙyalƙyala dariya sun koya wa yaran wurin akasin haka, waɗanda suka yaɗa shi kuma sun ƙara. Ina roƙon duk wanda yake da shi a wayarsa ya goge.

Ƴan uwa da dama sun ce mu cire shi kawai, ya koma ƙwallo. Uwarsa ma abin da ta ce ke nan daren farko, tana kuka. Da na je duba shi, na zauna kusa da shi na ce: "Ɗana, ka haƙura da kokowar nan ko?" Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce: "Kawu, idan na warke ina son in koma, amma ka ce musu su fara koya mini." Wannan amsar ce ta sa na zauna na rubuta duk wannan. Yaron bai tsani kokowa ba, bai ma tsani wanda ya kada shi ba, abin da ya je nema tun farko ne yake nema har yanzu. Zai koma idan hannun ya warke kuma likita ya yarda, amma zan raka shi da kaina, zan zauna da mai horarwar cikin mutunci, kuma sai na ga an raba yaran bisa shekaru da girman jiki, na ga makonnin farko na sabon shiga sun tafi a kan tsayuwa da faɗuwa, kafin in bar shi a wurin. Ina ba duk uban da zai kai ɗansa irin wannan kulob shawarar ya yi haka: ya je ya zauna ya kalli horo guda daga farko har ƙarshe kafin ya biya ko dala, ya lura da abin da ake yi da yaron da ya fi kowa rauni a wurin, ya duba ko ana yanke wa yara akaifa, ko ana ware mai makero har ya warke, tunda fata da fata ake haɗawa.

Tun da kuma zan je wurin, akwai batun ƙasar filin kanta, wanda na lura da shi tun ranar da na fara raka yaron. Yashin ya zaizaye, tsakiyar da'irar ta zama ƙasa mai tauri da tsakuwa, buhunan da aka kewaye ta da su sun yayyage. Babu inuwa, kuma randa ɗaya ce ga yara fiye da talatin, alhali mun san yadda zafin Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40 a garin nan. Wannan kam ba na mai horarwa kaɗai ba ne, namu ne mu iyaye. Na yi magana da wani mai amalanke a kan yashi, ya ce sawu shida zai isa a rufe tsakiyar, na ɗauki nauyin biyu. Wanda ɗansa yake zuwa wurin kuma yake da halin ɗaukar sawu ɗaya, ko yake da jarka ko tsohon tanti da ba ya amfani da shi, ya same ni bayan sallar La'asar ranar Juma'a.