'Yar kyanwa a gida mai tsohuwar mage

A gidanmu na Katsina, in aka samo 'yar kyanwa, sakinta kawai ake yi a tsakar gida. Kaji na tono, tantabaru na kan katanga, tsohuwar mage na kwance bakin randa. Za ta yi mata huci, ta kai mata yakushi sau ɗaya ko biyu, kwana uku kowa ya san wurinsa.

A nan Manchesta, da 'yata ta matsa muka karɓo wata 'yar kyanwa mai wata uku, ga shi muna da babba a gida. Masu kula da dabbobin suka ce a ware wa ƙaramar ɗakinta, da kwanon abinci da akwatin yashinta daban. A goga ƙyalle a kumatunta a ajiye wa babbar ta shinshina, a yi wa ƙaramar haka ita ma. Sai bayan mako guda za a ɗan buɗe ƙofa su hangi juna. Ga kuma dokar Ingila tun Yunin 2024, wadda ta wajabta sa wa kyanwa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin ta cika mako 20.

Da farko na ga abin ya yi yawa. Yanzu ina ganin suna da gaskiya. A gida fili ne ke yi mana sulhun ba mu sani ba: wadda aka kora ta haye katanga, ta bi ta zaure, ta kwana gidan maƙwabta. A nan ɗaki biyu ne a saman bene, tagogi a rufe saboda sanyi, ina za ta gudu? Mage kuwa da hanci take gane nata kafin ido.

Abin da ke damuna a can gida Katsina shi ne 'yan tsaki. Mu ne ke sakin kyanwa a cikinsu tun ranar farko, in ta kama ɗaya kuma a bi ta da tsintsiya, wani lokaci a sa ta a buhu a yar bayan gari. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage, amma muna hukunta dabba a kan sakacinmu. Da ƙanena ya ce min sun samo wata, roƙonsa na yi ya kifa wa tsakin kwando, ya bar ta a ɗakin girki har ta saba da gidan.